Dutse na Ɗari Uku da Goma Sha Ɗaya

A Aboabo na sauka, gidan Alhaji Issaka,
ɗakin sama, fanka na juyawa kamar an yi mata dole.
Ya ce, "Kakanninku goro ne ya kawo su ƙasar nan,
kai kuma tun daga Bukur har Kumasi don tsakuwa?"
Na ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.
Duwatsu ɗari uku da goma ke jere a kabad ɗina,
kowanne da katinsa: suna, wuri, rana.

Da asuba muka bar Kejetiya.
Kwalta ta raka mu awa biyu ta gaji,
jar laka ta karɓe mu,
sai babur, sai ƙafa, ta ƙarƙashin itatuwan koko,
har muka jiyo tarin injin niƙa tun kafin mu gan shi.
Rafin wurin ya koma launin shayi mai madara,
ko kwaɗo bai yi mana maraba ba.

Atinga ne mai ramin, mutumin arewa,
Hausarsa ta kasuwa, gajera, ba ado.
"Giram nawa kake so?"
Na ce ba zinariya ta kawo ni ba,
na durƙusa kan tulin abin da suka zubar
ina tsintar mai ƙyalli, wadda ake kira zinariyar wawa.
Afrakoma ta ajiye rariya ta faɗi wani abu da Turanci,
dariya ta zagaye ramin.
Ban nemi tafinta ba.

Bakin ramin bai fi na rijiya ba.
Tocila ɗaure a goshi da roba,
ƙafa na laluben gurbin da wata ƙafa ta sassaƙa,
na sauka gaba ashirin, na daina ƙirga.
Katakon tokare yana zufa.
Can ƙasa farar ƙanƙara ta ratsa bango
kamar jijiya a bayan hannun tsoho.
Na dafa ta. Da ɗumi.
A kabad dutse ba ya numfashi;
nan kuwa na ji shi, ko kuma nawa ne,
ko tarin mahaifina da ya ƙare kwanansa a wankin kuza.

Da muka fito Atinga ya shiga bukka,
ya dawo da gwangwanin madara, ya kwance tsumma:
ƙanƙara kamar ƙwan zabuwa,
zaren zinariya ya bi ta ciki, siriri kamar gashi.
"Ƙanena Ayamga ya aiko shi a guga, daminar bara.
Guga ta hau.
Sau uku yunwa ta kai ni bakin inji da shi,
sau uku na dawo.
Kai ba ka niƙa dutse, ko?"
Na zaro sidi, ya mai da hannayensa baya.
Madubin da nake duba ƙwayar dutse kawai ya karɓa,
ya kara a tafinsa, ya daɗe yana kallon tsagar fatarsa.

Yanzu dare ne a Kumasi, ruwa na dukan kwano,
mai sayar da shayi a ƙasa yana kwashe bencinsa.
Na fito da sabon kati.
Suna, na rubuta. Wuri, na rubuta. Rana.
Biro ya tsaya.
Shekara talatin ina yanka katin nan da almakashi,
ban taɓa barin layin wanda ya haƙo ba.

Na ɗora gefen fasfo, na ja layi na huɗu,
ya ɗan karkace.

Na ɗaya a kabad ɗin can gida
baƙar kuza ce cikin kwalbar turare.
Katinta ya ce: Bukur.